Kwantena Ta Zama Masaukin Baƙi: A Yi Lissafi Tukuna

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma ko raɓa tana bukatar ciyawar da za ta sauka a kai. Magidanta da yawa suna jin kunya ran da suruki ko ɗan'uwa ya zo daga nesa, sai an kwashe yara an kai su maƙwabta kafin baƙo ya sami wurin kwana. A waɗansu ƙasashe mutane sun soma warware wannan matsala da kwantena, watau babban akwatin ƙarfen nan da a kan zuba kaya a ciki a ɗora wa jirgin ruwa.

Wani mai motocin ɗaukar kaya a Amurka, Malcom McLean, shi ne ya raya wannan dabara ta akwati. A shekarar 1956 jirginsa ya ɗauki guda 58 daga Newark zuwa Houston. Yawancinsu tsawon ƙafa 20 ne ko 40, faɗi ƙafa 8, tsayi ƙafa 8 da rabi. Da tsofaffin suka taru a tashoshin jiragen ruwa, sai magina suka fara mai da su ɗakuna. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wajen 2006, an jera guda 1,000 domin kwanan ɗalibai. A jihar Kaliforniya kuwa, tun 2017 aka sauƙaƙa dokar gina ƙaramin ɗaki a bayan gida, waɗansu suka ajiye kwantena domin baƙi ko iyaye tsofaffi.

Mu ma mun san kwantena, gama muna ganinta a kasuwanni da bakin titi an mai da ita shago. Amma shago dabam, ɗakin kwana dabam. An ƙera akwatin nan domin kaya ne, ba domin mutum ba.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Ƙarfe ya kan sha rana nan da nan. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wanda ya shiga kwantenar da ba a gyara ba sai ya ce tanderu ne. Maganinsa huɗu. A ajiye ta yadda dogayen bangayenta za su dubi kudu da arewa. A yi mata rufi na biyu, na kwano ko na ciyawa, a bar fili tsakani domin iska ta ratsa. A shafa farin fenti a waje. Sa'an nan a yi bango na katako ko silin daga ciki, a cusa abin tare zafi a tsakani. A sani fa, wannan zai rage faɗin ɗakin ya koma kamar ƙafa 7.

Ƙarfin kwantena yana kusurwoyinta huɗu. Saboda haka a ɗora ta bisa ginshiƙai huɗu na siminti, kada ta taɓa ƙasa, domin laima ita ce uwar tsatsa. Duk inda aka yanka taga ko ƙofa, bango ya raunana. Sai mai walda ya kewaye wurin da ƙarfe mai kauri. A yi tagogi biyu suna duban juna.

Ga abubuwa uku da suka shafi rai. Na fari, ƙofar kwantena daga waje kaɗai ake buɗe ta. Lalle a yanka sabuwar ƙofa wadda baƙo zai iya buɗewa daga ciki. Na biyu, a kan jiƙa katakon daɓenta da maganin ƙwari, ba a kuma san irin kayan da ta ɗauka a dā ba. A wanke ta sarai, a cire katakon ko a rufe shi da daɓen siminti. Na uku, in za a ja wutar lantarki, a kira gwani ya sa wayar da ke shiga ƙasa, gama ɗakin duka ƙarfe ne. Da sanyin hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ciki, hayaƙinsa ya kan kashe mutum cikin barci.

Yanzu sai lissafi. Ƙaramar kwantena ba kome a ciki ta fi tan 2 nauyi. Sai an yi hayar babbar mota da injin ɗagawa, sai kuma akwai hanyar da za su bi har bayan gida. A haɗa wannan da kuɗin walda, da rufi, da katako, da fenti. A cikin birni kuma a nemi izinin hukumar tsara gari.

Mai ma'aikata a birni, ko wanda yake zaune a filin haya, kwantena za ta yi masa amfani, domin ran da ya tashi sai ya tashi da ɗakinsa. Amma manomin da ke da jar ƙasa a bayan gida, da azara, da magini a unguwa, ya tambayi kuɗin ɗakin ƙasa kafin ya sayar da sa ko hatsi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana da sanyi da rana, da ɗumi da dare, kuɗin aikin kuma a ƙauye zai tsaya.