Kayan Taimako Don Koya wa Ƙananan Yara Naƙasassu Karatu

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin shekara 3 zuwa 5 ne yaro yake fara gane baƙaƙe da sautinsu. Idan yaron makaho ne, ko kurma, ko kuwa hannunsa ba ya iya riƙe fensir, aka bar shi a gida har wannan lokaci ya wuce, to zai shiga firamare tsararrakinsa sun yi masa nisa, wani ma daga nan sai bara. Alhali kuwa akwai kayan da aka ƙera musamman domin irin waɗannan yara.

Makafi suna karatu da rubutun Braille, wanda Louis Braille, mutumin Faransa, ya ƙago a 1824. Kowane baƙi ana haɗa shi ne daga cikin ɗigo 6 masu tudu, a jere biyu, uku-uku, yaro yana shafawa da yatsa. A nan Nijeriya an buɗe makarantar makafi ta Gindiri tun 1953. Kafin a ba yaro allon Braille da tsinkensa, ko keken rubutu na Perkins, malama tana iya fara masa da kwalin ƙwai mai rami 6. Tana saka tsakuwa a ramukan, shi kuma yana lalubawa har ya san mazaunin kowane ɗigo. Wanda ke gani dishi-dishi kuwa, manyan baƙaƙe da gilashin ƙara girman rubutu suna taimaka masa ƙwarai.

Yaron da ba ya ji sosai yakan kasa haɗa baƙi da sautinsa. Sai a kai shi asibiti a auna jinsa tukuna, sannan a ba shi na'urar kunne daidai da buƙatarsa. Wajibi ne a duba batirinta kowace safiya, a kuma zaunar da shi a gaba inda zai ga leɓɓan malama. A haɗa masa da hotuna da maganar hannu.

Mai raunin yatsu, a naɗe masa fensir da tsumma ko roba ya yi kauri. Wanda ba ya iya magana, a yi masa allon hotuna yana nuna abin da ya gane. Wayar hannu mai karanta rubutu da murya ita ma tana da amfani, amma ba za ta maye gurbin malama ba.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Saboda haka ana kira ga iyaye kada su ɓoye irin waɗannan yara. Su kai su makaranta da wuri, su kuma nemi bayani a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu.