Ka yi mafarkin tashin alƙiyama? Ga abin da ya kamata ka sani

Ka farka cikin dare, zufa ta jiƙa maka riga, gabanka sai faɗuwa yake. A mafarkin ka ga rana ta ɓullo daga yamma, ko ƙasa ta tsage, mutane na gudu babu mai waiwayar ɗan'uwansa. Ba kai kaɗai ba ne. Mutane da yawa sun taɓa ganin irin wannan.

Shin mafarkin yana nufin lokaci ya yi?

A'a. A Suratul A'araf aya ta 187 da Suratu Luƙman aya ta 34, Alƙur'ani ya bayyana cewa sanin lokacin tashin alƙiyama na Allah ne Shi kaɗai. Ko da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW), Annabin ya nuna masa cewa bai fi shi sanin lokacin ba. Abin da aka ɓoye wa Manzo, ba za a buɗe wa wani a cikin barci ba.

Shi ya sa za ka yi hattara da takardar nan da ake kira wasiyyar Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Madina da ya yi mafarki. Da can kwafe ta ake yi a raba a ƙofar masallaci, yanzu ta koma WhatsApp, ana tsoratar da duk wanda bai tura ta ba. Malamai, ciki har da Shaikh Bin Baz, sun daɗe da bayyana cewa ƙirƙirarriya ce.

To daga ina irin wannan mafarki yake zuwa?

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. Wannan na ukun shi aka fi mantawa, alhali yana da yawa. Idan ka kwanta bayan ka saurari wa'azi kan Dujal da Yajuju da Majuju, ko ka kalli bidiyon yaƙi a waya, kada ka yi mamaki in suka biyo ka barci.

Likitocin barci ma sun lura da haka. Barci yana zagayawa ne mataki-mataki, kusan kowane minti 90, kuma matakin da aka fi yin mafarki a cikinsa yana ƙara tsawo idan asuba ta kusanto. Damuwa, bashi, rasuwar makusanci, zazzaɓi mai zafi da wasu magunguna duk suna ƙara munanan mafarkai. Dannau kuwa, wato ka farka ka kasa motsi kamar an danne maka ƙirji, yana faruwa ne idan ƙwaƙwalwa ta farka kafin jiki ya saki. Yana wucewa da kansa.

Me littattafan fassara suka ce?

Littafin da ake jinginawa Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya fassara ganin alƙiyama ta tsaya a wani wuri da cewa adalci zai bayyana a wurin, wanda aka zalunta ya samu haƙƙinsa. Ga mai saɓo kuma gargaɗi ne ya tuba. Ka lura, fassarar ta koma kan mai mafarkin da garinsu, ba ta ba da rana ko shekara ba. Sannan masana da dama suna shakkar cewa Ibn Sirin ne ya rubuta littafin da hannunsa, don haka kada ka ɗauki abin da ke ciki a matsayin hukunci.

Me zan yi idan na farka a tsorace?

Sunna ta koyar da abu mai sauƙi. Ka yi tofi sau uku ta hagunka, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya ɗaya gefen. In barcin ya ƙi, ka tashi ka yi alwala ka yi nafila. Kuma kada ka ba kowa labarin. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a wurina, domin na ga yadda mafarki ɗaya da aka faɗa a tsakar gida ya hana yara barci har mako guda.

Babu ko sisi a cikin wannan. Duk wanda ya ce sai ka kawo rago ko kuɗi kafin ya kare ka daga sharrin mafarki, aljihunka yake nema. Sadaka alheri ce, amma ka bayar don Allah, ga wanda ka ga dama.

Yaushe ya kamata in ga likita?

Idan mafarkin yana maimaituwa dare bayan dare har kana tsoron kwanciya, ko yana hana ka aiki da rana. Wannan ya fi samun waɗanda suka tsira daga harin 'yan bindiga, ambaliya ko haɗarin mota, domin ƙwaƙwalwa takan riƙa maimaita tashin hankalin da ta gani. Yana da magani, kuma zuwa asibiti ba ya nufin mutum ya taɓu. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, amma kana iya farawa da asibitin da ke kusa da kai. Idan mafarkin ya soma ne bayan ka fara shan wani sabon magani, kada ka daina sha da kanka. Ka ɗauki kwalin ka kai wa likitan da ya rubuta maka, ka faɗa masa ranar da abin ya fara.