Hasken da Ke Fitowa daga Cikin Ɓera

Da can, mai binciken da ke son sanin inda cuta ta kai a jikin ɓerayen gwaji sai ya kashe wasu yau, wasu jibi, ya feɗe su ya duba huhu da hanta. A 1995 Christopher Contag da abokan aikinsa a Jami'ar Sitanfod ta Amurka suka bi sawun ƙwayar Salmonella a jikin ɓera mai rai ta hanyar hasken da aka sa ta riƙa fitarwa, daga baya dabarar ta iso kan bairos. Ana ɗauko ƙwayar gadon da ke sa maƙesu, ƙwaron nan mai ƙyalli da dare, yin haske, a dasa wa bairos. Duk ƙwayar jikin da ya shiga sai ta kama ƙera sinadarin lusiferes. A yi wa ɓeran allurar lusiferin, sinadarin da lusiferes ke aiki a kansa har haske ya fito, a sa shi barci a akwati mai duhu, kyamara ta ɗauki hasken da ido ba ya iya gani.

Hoton kan fito da kyau, ja a nan, shuɗi a can, kuma a nan ne mai gaggawa ke yaudaruwa. Yawan haske ba lalle ne ya zama yawan bairos ba.

Babban mai cinye hasken shi ne jini. Ɗora tocila a bayan tafin hannunka cikin duhu: ja kawai za ka ga ya ratso, domin jini na shanye kore da shuɗi. Haka abin yake a jikin ɓera, inda kowace santimita ɗaya ta nama ke rage hasken kusan ninki goma. Saboda haka ɗan bairos kaɗan a ƙarƙashin fata zai iya fin cunkoson da ke can cikin huhu ƙyalli. Ko juya ɓeran aka yi daga rigingine zuwa rub da ciki, lissafi ya canza. Gashi ma ba ya raga wa haske. Baƙin ɓera irin C57BL/6 sai an aske shi, kuma fatar da aka aske takan yi duhu idan sabon gashi ya fara tsirowa, shi ya sa masu bincike da yawa suka fi son farin BALB/c.

Sai lokaci. Yawanci ana ba da miligiram 150 na lusiferin ga kowane kilo na nauyi, ta allura a ciki, haske ya kai ƙololuwa bayan minti 10 zuwa 15 ya fara dusashewa. Wanda ya ɗauki hoto yau a minti 5, gobe a minti 25, agogonsa ya auna, ba cuta ba. Lusiferes na maƙesu kuma ba ya aiki sai da iskar oksijin da kuzarin ƙwayar jiki mai rai, don haka wurin da bairos ya gama kashewa zai iya fitowa duhu, a zaci sauƙi aka samu.

Shi kansa bairos ba ya son kayan da aka ɗora masa. Ƙananan bairos irin na mura ba su da wurin ɗaukar babbar ƙwayar gado, sukan raunana ko su yar da ita bayan sun hayayyafa. Wannan ya sa aka rungumi wani ƙaramin lusiferes mai suna NanoLuc, wanda kamfanin Promega ya fitar a 2012 daga wani jatan lande na ƙasan teku. Girmansa bai kai sulusin na maƙesu ba, da shi ne kuma a 2021 masu bincike a Jami'ar Yel suka ga bairos ɗin korona na yaɗuwa daga hanci zuwa huhu har ƙwaƙwalwar ɓera. Sai dai haskensa shuɗi ne, launin da jini ya fi shanyewa.