Hanyar Gano Satar Wuta a Batirin Tsohuwar Mota, Bisa La'akari da Halin Yankin Damri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake gano abin da ke shanye wutar batirin tsohuwar mota alhali tana ajiye, an kashe ta an zare makulli. Al'amarin yana da muhimmanci ga garuruwa irin su Damri ta Ƙaramar Hukumar Bakura a Jihar Zamfara, inda motar da ke kai amfanin gona kasuwar Talata Mafara ita ce kuma ake tasa da tsakar dare don kai marar lafiya asibiti. Motocin karkara galibinsu tsofaffi ne, cikinsu har da irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta soma aiki a 1975. Irin wannan mota takan yi kwanaki a tsaye tsakanin kasuwa da kasuwa. Idan ta ƙi tashi, abin da aka saba shi ne a tura ta, in abin ya yawaita a sayi sabon batir, bayan mako guda shi ma ya mutu, domin laifin ba nasa ba ne tun farko.

2.0 Lissafin Asarar Wuta

Batirin mota na darma da ruwan asid ne, irin wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro a 1859. Idan ya cika yakan nuna bolt 12.6 a mita, ana kuma auna cikinsa da amfiya-awa. Mu ɗauki batir mai amfiya-awa 60, da ƙwan fitilar but mai wat 5 wanda maɓallinsa ya lalace, ba ya mutuwa idan an rufe but. Wannan ƙwai yana jan kusan amfiya 0.4, watau amfiya-awa 10 a kowane kwana. Cikin kwana 3 ya cinye rabin batirin, cikin kwana 6 ya ƙarar da shi. Ke nan motar da aka ajiye ranar Talata da yamma ba za ta tashi ba Talata mai zuwa, kuma ba wanda ya ga fitilar, tun da a rufe take. Bugu da ƙari, batirin da ya daɗe ba caji gishiri yakan daskare a kan farantansa, ya daina karɓar caji sosai.

3.0 Rarrabe Matsaloli Uku

Abubuwa uku ne ke kawo alama iri ɗaya, wajibi ne a raba su kafin a taɓa waya. Na farko, batirin ne ya tsufa. Ana gane haka ta hanyar cika shi da caji, a cire wayar kan da ke da alamar ɗebewa (−), a bar shi ya kwana. In ya wayi gari ya sauka ƙwarai, shi ne da laifi. Zafin bazara kuwa yana gaggauta tsufansa. Na biyu, altaneta ba ta caji. A tayar da inji a auna kawunan batir. Ya kamata a ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Idan waɗannan biyu suka fita lafiya, saura na uku, watau satar wuta.

4.0 Matakan Bincike

Da farko a dubi saman batirin. Ƙurar hunturu idan ta jiƙe da ruwan batir takan zama hanyar da wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan. Wankewa da ruwan kanwa da busarwa sun wadatar, a dai kiyaye kada ruwan ya shiga cikin ramukan batirin.

Bayan haka a kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire wayar ɗebewa, a sanya mita tsakanin wayar da kan batir, a kan ma'aunin amfiya 10. Kada a murza makulli a wannan hali, domin sitata tana jan fiye da amfiya 100, za ta ƙone mitar. A ƙa'ida abin da mota ke ja tana kashe kada ya wuce amfiya 0.05, tsohuwar mota marar kwamfuta kuwa ƙasa da haka nesa. Mai wayarin da ba shi da mita yana iya sanya ƙaramin ƙwan fitila a gurbinta. In ya kama da haske, akwai sata.

Daga nan sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ana duban mita. Wanda aka zare allura ta faɗi, layinsa ne ke da ɓarawo, sai a bi kayan da ke kansa: fitilar ciki, ko rediyo, ko ramin cajin waya.

Idan an zare fis duka sata ba ta tsaya ba, wuri biyu ake zargi. Ɗaya shi ne kayan ƙari da aka ɗaura kai tsaye a kan batir, kamar ƙarin oda ko fitilu, ko tsohuwar wayar da ta goge tana taɓa ƙarfen mota. Ɗayan kuma altaneta ce. A cikinta akwai dayod, waɗanda aikinsu barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. Idan guda ta lalace, wuta takan komo daga batir zuwa altaneta, kuma babbar wayarta ba ta bi ta gidan fis. A cire wannan waya. In mita ta sauka, an gano inda matsalar take.

5.0 Kammalawa

Binciken nan ba ya bukatar komai sai mita ko ƙwan fitila, da sifana, da bin matakai bisa tsarinsu: batir, sannan caji, sannan sata. Kafin a sami mai gyara, direban da ke nesa da gari yana iya cire wayar ɗebewa duk lokacin da zai ajiye mota, ya mayar da ita idan zai tashi. Ana ba ƙungiyoyin direbobi da masu koyar da sana'a shawarar su koyar da waɗannan matakai da harshen Hausa, domin kuɗin mita bai kai na batir guda ba.