Daga Sha'awa Zuwa Sana'a: Masu Ɗaukar Hoto a Birnin Riyad

Kafin shekarar 2006, duk wanda ya fito da kyamara a titin birnin Riyad yana ɗaukar gine-gine da masu wucewa, yana iya samun kansa gaban 'yan sanda yana ba da bahasi. A wannan shekara ce hukumomin Saudiyya suka ɗage hanin ɗaukar hoto a bainar jama'a, amma bisa sharaɗin a nemi izni kafin a ɗauki mutum, ko gidansa, ko fadar sarki. Ita kanta wayar hannu mai kyamara sai a ƙarshen 2004 aka halatta sayar da ita a ƙasar.

Ba abin mamaki ba ne, ashe, da yawancin tsofaffin hotunan Riyad suka fito daga hannun baƙi. Wani hafsan Ingila, Gerard Leachman, ya ɗauki garin a 1912, lokacin yana cikin ganuwarsa ta ƙasa, sa'an nan Kyaftin William Shakespear ya biyo baya a 1914. Daga baya 'yan ƙasa suka karɓa. Cikinsu har yanzu ana tunawa da Salih al-Azzaz, ɗan jarida wanda sha'awar hamada ta ja shi ga kyamara, har suka fitar da littafin hotuna da waƙoƙi tare da mawaƙin Bahrain Ƙasim Haddad. Ya rasu a 2002, bai ga ɗage hanin ba.

To, ta yaya mai sha'awa yake zama mai sana'a? A Saudiyya, ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta biki. Da yake maza da mata ba su cakuɗa a wajen walima, ba wanda zai shiga zauren amarya da kyamara sai mace, saboda haka mata da yawa suka sami abin yi tun kafin a buɗe musu wasu ayyukan. Tasneem Alsultan ta nan ta bi. Malamar Turanci ce, ta bar aji ta koma ɗaukar bukukuwa, daga nan ta shiga bin labarin matan da aka saka da waɗanda mazansu suka mutu, a wani aiki da ta kira Saudi Tales of Love. Jaridar New York Times da mujallar National Geographic sun buga hotunanta, a 2018 kuma kamfanin Canon ya sa ta cikin jakadunsa.

Amma ba kowa ke da irin wannan rabo ba. Ga ma'aikacin ofis wanda ba ya samun sukuni sai ranar Juma'a da Asabar, akwai wata hanya, watau rumbun hotuna.

Ga yadda abin yake. Mai ɗaukar hoto ba ya jiran a kira shi aiki. Yakan ɗauki abin da yake tsammanin wani zai bukata wata rana, kamar hasumiyar Mamlaka da almuru, ko ganuwar Masmak, ko hannun tsoho yana zuba gahawa a kasuwar Zal, ya aika wa kamfanin da ke tara hotuna ta intanet. Mai talla ko editan mujalla ya biya kuɗi ya yi amfani da hoton, kamfani ya cire rabonsa, ya ba mai hoto saura. Ba a sayar da hoton kansa ba, haya aka ba da, don haka hoto guda yana iya shiga hannun mutum ɗari a ƙasashe dabam-dabam, mai shi kuwa yana barci.

Wannan ciniki ya girmi intanet nesa ba kusa ba. H. Armstrong Roberts ya fara shi a Amurka a 1920, amma shekaru da dama ƙwararru kaɗai ake karɓa. Abin ya sake ne a 2000, sa'ad da Bruce Livingstone ya kafa iStockphoto a Kanada, ya buɗe ƙofa ga kowa, ana ba da hoto da araha. A 2003 Jon Oringer ya buɗe Shutterstock da hotuna wajen 30,000 waɗanda shi da kansa ya ɗauka. Da Getty Images ya ga inda kasuwa ta nufa, sai ya sayi iStockphoto a 2006 a kan dala miliyan 50.

Mutumin Riyad yana da wata fa'ida a nan wadda baƙo ba shi da ita. An daɗe rumbunan Turai da Amurka suna cike da hotunan "Balarabe" waɗanda ɗan Saudiyya yana gani zai yi dariya: an sa wa mutum rigar Daular Larabawa marar wuya, mai tuntu a ƙirji, an ce ɗan Najadu ne, alhali taguwar Saudiyya mai wuya ce. Bahaushe ya san irin wannan takaici, in ya ga an naɗa wa wani rawani a karkace a talla. Tun da aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na 2030 a 2016, mata suka fara tuƙi a Yunin 2018, aka kuma fara ba 'yan yawon buɗe ido biza a Satumban 2019, bankuna da ma'aikatu da otal-otal suka shiga neman hotunan da suka yi kama da ƙasar. An buɗe jirgin ƙasa na cikin birni a Disamban 2024, shi ma ga sabon abin ɗauka.

Sai dai aikin ba wasan yara ba ne. Hasken Riyad da tsakar rana yana kashe launi, zafin bazara ya kan haura digiri 40, ga ƙura, shi ya sa masu zuwa tsaunukan Tuwaiƙ sukan yi sammako ko su jira la'asar sakaliya. Bayan an dawo sai zaman gyara, da rubuta wa kowane hoto kalmomin da mai nema zai same shi da su. Kamfani kuma yana iya mayar da hoto saboda ɗan dishi-dishi, ko don tambarin wani shago ya fito a gefe.

Babbar wahala ita ce ta mutane. Ba a karɓar hoton da fuska ta fito don talla sai da takardar yarda wadda mai fuskar ya sa wa hannu, a garin da iyali da yawa ba su son a ga 'yarsu a allon talla. Dokar laifuffukan kwamfuta ta 2007 kuwa ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara guda, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. A 2020 Shutterstock ya sake tsarin biya: mai hoto yana samun kashi 15 zuwa 40 cikin 100, mafi ƙarancin lada kuma santi 10. Watau a wannan farashi sai an ɗauki hoton mutum sau 1,000 kafin ya ga dala 100, kuɗin da bai kai na gilashin kyamara mai kyau guda ɗaya ba. Gaskiyar magana, rumbu makaranta ce mai kyau, don tana koya wa mutum abin da kasuwa ke so, amma da wuya ta riƙe gida ita kaɗai. Abincin yau da gobe yana wajen bukukuwa da tarurruka da aikin kamfanoni.

Yanzu kuma ga na'urori masu ƙirƙirar hoto daga 'yan kalmomi, ba kyamara, ba takardar yarda. A 2023 Getty Images ya kai kamfanin Stability AI ƙara, yana zarginsa da koya wa na'urarsa aiki da miliyoyin hotunan rumbunsa ba da izni ba. A Janairun 2025 kuwa Getty da Shutterstock, waɗanda suka shafe shekara 20 suna gasa, suka ba da sanarwar shirin haɗewa su zama kamfani guda.