Toka Mai Kama Iska

A Rano da Kibiya, matan gida sun daɗe da sanin amfanin toka, domin da ruwanta suke haɗa sabulun salo. Masana kimiyya kuwa sun gano mata wani aiki, wato tsame iskar kabon dayoksaid daga hayaƙi.

Wannan iska ita ce babbar mai ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu, yawanta a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan. Yanzu ya haura 420.

Abin da ke kama ta shi ne ziyolait, wani ma'adini da Axel Cronstedt na ƙasar Suwidin ya raɗa wa suna a 1756. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka tamkar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani. Idan hayaƙi ya ratsa su, sai iskar ta maƙale a ciki. In aka ɗumama shi, ya sake ta, a sake amfani da shi.

Ana yinsa ne ta hanyar dafa tokar kwal da soda, saboda silika da alumina da ke cikinta. Ƙasar Kano ba ta ƙona kwal sosai, amma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 noman shinkafa ya bunƙasa a Kura da Bunkure. Tokar ɓuntun shinkafa kuwa galibinta silika ce. Aluminar da ta rasa ana iya samunta daga farar ƙasar Kankara.

Babbar matsalarsa danshi ne, domin ruwa yakan riga iskar shiga ramukan. Saboda haka sai an busar da hayaƙin tukuna, kuma busarwar tana cin kuɗi.