Warin sabon kaya a ɗakin amarya

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ranar jere a Dogo-Dogo ya san warin nan: sabon gado, sif, katifar da aka yage wa leda yanzu, ledar ƙasa, ga fenti bai gama bushewa ba. Ƙamshin sabon kaya, in ji ƴan jere. Amma kafin a jima ido ya fara yaji, maƙogwaro yana ƙaiƙayi.

Da yawa daga cikin gadaje da sif na yayi, ko daga Magarya da Damagaram aka kawo su ko daga ƙetaren iyaka, ba tsantsar katako ba ne. Garin katako ne aka cuɗa da gam aka danne. Gam ɗin nan yana sakin wani sinadari mai suna fomaldihaid a hankali, wata da watanni. Tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo wa mutum kansa, a 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki.

Masana suna da lissafin da suke hango yawan gubar da shi tun kafin su kawo na'urar awo. Abu 3 suke dubawa: yawan abin da kayan ke fitarwa, girman ɗakin, da sau nawa iskarsa ke sauyawa. A ce ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi 3, tsayi 2.5, wato mita kubik 30, kayan ciki kuma suna sakin miligiram 3 a awa. In iska na sauyawa sau 1 a awa, an tsaya daidai kan iyakar da hukumar ta sa. A toshe taga da tsumma saboda ƙurar hunturu, iska ta koma sauyawa sau 1 a awa 2, gubar ta ninka. A buɗe ƙofa da taga ta sauya sau 4, sai ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Zafi da laima kuma ƙara wa gam ɗin kuzari suke yi, ga mu da rufin kwano da bazarar da ke haura digiri 40.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarkar fetur ɗin ruwa-ruwa da ake kwana da ita a ɗaki don tsoron ɓarawo. Tururinta na ɗauke da sinadarin benzin mai jawo kansar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinsa da ba ya cutarwa. Ga maganin sauro na kunnawa: wani bincike na 2003 ya gano ɗaya tak kan iya fitar da fomaldihaid daidai da karan taba 51. Amarya da mai jego da jariri su ne ke wuni a ciki.

Iyayen amarya, ku karɓi kaya da wuri, ku cire leda, su sha iska a inuwa makonni kafin jere. A gama fenti tun da sauran lokaci. Magina, ku riƙa fitar da taga biyu masu kallon juna. Magidanta kuma, don Allah a kwana cikin gidan sauro maimakon kunna maganin sauro, a fitar da fetur da maganin feshin gona daga ɗakin kwana tun yau.